Ciwon Murɗewar Zabura: Yadda Ake Gane Shi da Maganinsa a Ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa



Na san a cikinku akwai wanda tun da ya ga kan maganar nan yake cewa a ransa, ina amfanin tara jama'a a kan cutar da likita zai iya yin aiki har ya yi ritaya bai gamu da ita ba ko sau ɗaya, alhali kuwa ga zazzaɓin cizon sauro, ga sanƙarau, ga tamowa suna ta ɗibar 'ya'yanmu? Wannan tambaya tana kan hanya, kuma zan amsa ta. Amma ku yi mini haƙuri tukuna, in fara nuna muku kamannin cutar, gama ba a jayayya a kan abin da ba a gani ba.

Mu ƙaddara ga wani yaro ɗan shekara 12 a makarantar firamare a ƙasar Faskari, lafiyayye, mai ƙoƙari a aji. Ya daɗe zaune a kan benci, sai malami ya kira sunansa ba zato, ya ce ya fito ya yi lissafi a allo. Ya zabura ya miƙe. Kafin ya yi taku biyu sai ya ji wani abu kamar tafiyar kiyashi a ƙafarsa ta dama. Nan take ƙafar ta lanƙwashe ciki, hannun dama ya murɗe ya koma baya, yatsu suka barbaje, baki ya karkace. Yana jin dariyar 'yan aji, yana ganin malami, ya san duk abin da ake ciki, sai dai harshe ya yi nauyi ya kasa magana. Kafin a ƙirga ashirin abin ya sake shi. Ya tsaya garau, ba kumfa a baki, ba fitsari a wando, ba barci, ba ciwon kai, ba abin da ya rage sai kunya. Gobe ya tashi daga zaman tahiya da sauri, abin ya dawo. Jibi ya zo tsallaka hanyar Funtuwa zuwa Gusau, mota ta yi masa oda, ya zabura, abin ya dawo a tsakiyar kwalta.

Hukunci uku jama'a sukan yanke wa irin wannan yaro. Malami ya ce shaƙiyanci ne, tun da abin ba ya zuwa sai an kira shi allo, sai ya ɗauko bulala. Kaka ta ce iska ne, a nemi hayaƙi da turare. Maƙwabta su ce farfaɗiya ce, daga ranar kuwa ba mai sa hannu a kwanonsa, domin har yanzu da yawa sun gaskata cewa ana ɗaukar farfaɗiya daga yawun mai ita, abin da ba shi da tushe ko kaɗan. In an kai shi asibiti kuma, ma'aikacin lafiya ya duba ido, ya auna zafin jiki, ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya tarar komai daidai, sai ya rubuta maganin zazzaɓi ya sallame su. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, domin tsakanin tashi da tashi babu abin da za a gani a jikin yaron nan. Cutar tana cikin labarin da aka zo da shi, wanda kuwa bai zauna ya saurari labarin ba, ba zai gan ta ba.

SUNANTA DA TARIHINTA

Likitoci suna taƙaita sunan cutar da haruffa uku, PKD. Ma'anar dogon sunan shi ne motsin gaɓoɓi ba da nufi ba, mai zuwa farat ɗaya ya wuce, wanda yunƙuri ke tayarwa. Ni a wannan lacca zan kira ta murɗewar zabura, don abin da ke kawo ta da abin da take yi duk suna cikin sunan.

A shekarar 1940 wasu likitoci biyu na Amurka, Mount da Reback, suka rubuta labarin wani saurayi wanda gaɓoɓinsa kan murɗe lokaci lokaci, musamman in ya sha giya ko kofi ko shayi, ko ya gaji, suka kuma tarar abin yana bin danginsa kaka da kakanni. A 1967 Andrew Kertesz, likita a Kanada, ya tara labarin mutum 10 waɗanda nasu ya sha bamban: gajere ne ƙwarai, zabura ce ke kawo shi, kuma maganin farfaɗiya yana kwantar da shi. Wannan ita ce cutarmu ta yau. A 1977 James Lance na Ostareliya ya bayyana iri na uku, mai zuwa bayan doguwar tafiya ko motsa jiki. Sai a 1995 Demirkiran da Jankovic, a birnin Hustan na Amurka, suka tsara su duka bisa ga abin da ke tayar da kowanne, tsarin da ake bi har yau. Ku lura, duk wannan ilmi an tara shi ne da tambaya da kallo, kafin kowa ya san inda aibin yake.

A 2004 Bruno da abokan aikinsa suka fitar da sharuɗɗan gane ta, waɗanda ɗalibin sakandare ma zai iya riƙewa. Akwai sanannen abin da ke tayar da ita, watau motsi na farat ɗaya. Tashin ba ya kai minti guda. Hankali ba ya gushewa, kuma babu zafi. Takan fara ne tsakanin shekara 1 zuwa 20, sai fa in akwai ta a dangi. Binciken jijiyoyi ba ya nuna komai, ba a kuma sami wata cuta da za a ɗora wa laifin ba. Sa'an nan tana jin maganin kabamazafin ko fenitoyin. Ƙari a kan wannan, ta fi kama maza, ta fi tsananta a shekarun balaga, inda wani yakan yi tashi har 100 a yini, kuma yawanci takan lafa in mutum ya haura shekara 20 zuwa 30, wasu ma ta rabu da su ɗungum. Ba ta kisa da kanta, ba ta taɓa basira, ba ta zama shanyewar jiki.

Asalin aibin kuwa sai a 2011 aka gano shi, sa'ad da masu bincike a ƙasar Sin suka nuna cewa a yawancin iyalan da suka gaji cutar akwai ɓaci a wata ƙwayar gado da ake kira PRRT2, wadda ke kan kuromosom na 16. Aikin wannan ƙwaya shi ne ta sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su riƙa sakin saƙo da linzami. In ta ɓaci, sassan da ke daidaita motsi, watau curin jijiyoyi na can ƙasan ƙwaƙwalwa da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, sukan zama masu saurin hasala. Umarnin tashi ya zo da ƙarfi, sai saƙon ya malala ya shiga inda ba a aike shi ba, kamar ruwan kwari da ya fi ƙarfin kunya ya tsallaka gonar maƙwabci. In uba ko uwa na ɗauke da ƙwayar, kowane ɗa yana da rabin rabo na ya gāje ta, ko da yake ba duk wanda ya gāda ne take bayyana a gare shi ba. Wannan ƙwaya ɗaya kuma ita ce ke sa jarirai a wasu iyalai su yi jijjiga tun ba su shekara ba, ba tare da zazzaɓi ba, jijjigar ta ɓace kafin su cika shekara 2. Saboda haka tambayar tsohuwar gida, ko yaron nan ko 'yan'uwansa sun yi jijjiga suna goye, tana da daraja irin ta gwajin jini.

'Yan'uwan cutar biyu ba zan daɗe a kansu ba, gama sun fi ta ƙaranci. Irin na Mount da Reback ba zabura ce ke kawo shi ba, yakan ɗauki mintoci har zuwa sa'o'i, ba ya zuwa da yawa, kuma kabamazafin ba ya yi masa kirki. Babban maganinsa shi ne gudun abin da ke tayar da shi. A littattafan Turai kofi ake ambata, amma mu nan sai mu tuna cewa sinadarin da ke cikin kofi shi ne a cikin goro da shayi, don haka mai tambaya a Sabuwa ya tambayi goro kafin ya tambayi kofi. Irin na Lance kuwa ƙafafu ya fi kamawa, bayan mutum ya yi tafiya mai nisa, kamar zuwa kasuwa ko gona, kuma yunwa tana ƙara shi. A wasu masu shi, sukari ne ba ya ƙetarawa sosai daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, abin da aka tabbatar a 2008. Maganinsa abinci ne mai yawan mai da ƙarancin hatsi, wanda sai da kulawar likita ake yinsa, kuma kowa ya san wuyar wannan a ƙasar da tuwo da fura suke su ne abinci.

AMSAR TAMBAYA

Yanzu in koma ga mai cewa ina amfani. Ƙiyasin da ake yawan ambata, wanda aka yi a ƙasashen waje, shi ne mutum 1 cikin 150,000. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in an haɗa su, sun haura rabin miliyan, sun kuwa ƙaru tun daga lokacin. In mun bi lissafin, mutum huɗu ke nan ko biyar ko shida. Ba wanda zai gina asibiti don mutum shida. Amma tambayoyin da ake tace waɗannan shida da su, su ne dai tambayoyin da ke rarrabe dubban yara masu faɗuwa da jijjiga da murɗewa, waɗanda duk muka cusa a buhu ɗaya muka rubuta farfaɗiya ko iska a bayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in an gane cutar an ba su magani daidai. Wanda ya koyi gane murɗewar zabura ya koyi gane farfaɗiya ke nan tilas, domin ba a sanin ɗaya sai an san abin da ya raba ta da ɗayar.

Tambayoyin huɗu ne. Me yake yi sa'ad da abin ya zo? Har tsawon wane lokaci? Yana cikin hayyacinsa, ya kuma tuna abin da ya faru? Wane magani ya sha a kwanakin nan? Bari mu ga abin da suke fitarwa.

Babbar farfaɗiya ba ta jiran zabura, takan zo ko mutum na zaune ko yana barci. Ya faɗi ba ya san inda yake, ya sandare, ya yi ta fizga minti ɗaya ko biyu, wani lokaci ya ciji harshe ko fitsari ya kuɓuce, in ya farfaɗo yana cikin ruɗewa da gajiya, bai san abin da ya auku ba. Wannan ba ta da wuyar rabewa. Mai wuyar ita ce ƙaramar farfaɗiya da ke tasowa daga gaban ƙwaƙwalwa, gama ita ma gajeriya ce, tana murɗe gaɓoɓi, wani lokaci ba ta gusar da hankali. Abin da ke tona ta shi ne ta fi zuwa cikin barci. Murɗewar da ke ta da yaro da tsakar dare, a ɗauke ta farfaɗiya har sai likita ya ce ba ita ba ce.

Tambaya ta huɗu, a ganina, ita ce ta fi ceton rai da dukiya a ƙauyukanmu, inda kemis ya fi asibiti kusa. Akwai magunguna da kan sa wuya ya karkace, idanu su kafe sama, harshe ya zazzago, muƙamuƙi ya ƙage, bayan sa'o'i kaɗan ko kwana biyu da shansu. Shahararru su ne maganin amai metokulofuramaid, da magungunan taɓin hankali irin su Largactil da haloferidol, har ma da maganin zazzaɓi amodiyakwin. Yara da matasa abin ya fi kamawa. Mai shi yana cikin hankalinsa, amma ba sakan ashirin yake yi ba, yakan yi sa'o'i. Iyaye su firgita su ce sanƙarau ne ko tatanas mai sarƙe haƙora, wasu su ce aljani ne ya shafe shi. Alhali a daina maganin, a yi masa allura guda a asibiti, kafin rabin sa'a ya warware.

Akwai kuma rawar gaɓoɓi wadda Thomas Sydenham na Ingila ya bayyana tun 1686. Ta fi kama 'yan mata tsakanin shekara 5 zuwa 15, makonni ko watanni bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba. Ita ba ta zuwa ta wuce. Yarinya takan yini tana mutsu-mutsu, kwano na suɓuce mata, rubutunta ya lalace, sai ta yi barci abin ya tsaya. Duk wanda ya ga wannan ya sa a saurari zuciyarta, domin cutar da ta taɓa ƙwaƙwalwar tana cin ƙofofin zuciya, kuma abin da ke tsare su shi ne allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu har shekaru. Wadda aka bari a gida ana yi mata hayaƙi, ita ce za a kawo bayan shekara goma da juna biyu, ƙafafu a kumbure, numfashi na gagararta.

Har wa yau ƙarancin sinadarin kalsiyam a jini, da hawan sukari ko faɗuwarsa, da ciwon maƙoƙo mai sa rama da bugun zuciya, da tsohon rauni a ka, da shanyewar ɓarin jiki, duk suna iya kawo murɗewa mai kama da ta zabura. Don haka in abin ya fara wa mutum bayan ya haura shekara 20, ko yana da zafi, ko an ga wata alama tsakanin tashi da tashi, ba a tsayawa ga labari kaɗai, sai an bincika.

Saura guda, wadda ba zan tsallake ba tun da ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa muke magana. Shekaru ke nan mutanen wannan yanki suka sha fama da 'yan bindiga. Kowa ya tuna daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. Firgici irin wannan yakan fito a jiki: karkarwa, sandarewa, faɗuwa, ba tare da wani ɓaci a ƙwaƙwalwa ba. Irin wannan tashi yakan daɗe, kamanninsa na sauyawa daga yau zuwa gobe, ba ya kuma jin kabamazafin. Mai shi ba ƙarya yake yi ba, ciwo ne na gaske, maganinsa kuwa bayani da kwantar da hankali da kulawar masana halin ɗan Adam. Kuskuren yana da fuska biyu: a ɗura wa mai firgici ƙwayoyin farfaɗiya shekara da shekaru, ko kuwa a ce da mai murɗewar zabura tsoro ne kawai, ya daure.

Kada ku ɗauka wannan aikin tambaya na Turawa ne kaɗai. A Ilesha ta ƙasar Yarbawa an daɗe ana ganin wata karkarwa da tangaɗi mai zuwa da damina, wadda Wright da Morley suka rubuta labarinta a 1958. An yi ta zargin ƙwayoyin cuta. Sai a 1993 likitan Nijeriya Bola Adamolekun ya danganta ta da wata tsutsa da ake ci a lokacin, wadda daga baya aka tabbatar tana lalata bitamin B1 a jiki. Abin da ya warware matsalar shekara 35 shi ne tambayar me ka ci.

DAGA ƘAUYE ZUWA SHIKA

Likitocin jijiyoyi kaɗan ne a ƙasar nan, kuma a manyan asibitoci suke. Mutumin Sabuwa sai ya biyo ta Dandume ya fito Funtuwa, na Faskari ma Funtuwa, daga nan a kama hanyar Zariya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Na Ƙanƙara yana iya nufar Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Malam Aminu Kano a Kano. Tafiya ce mai cin kuɗi, a wasu shekarun ma mai haɗari. Abin takaici kuma shi ne a sha wannan wahala a isa gaban likita, yaro ya ƙi yin komai, gama cutar ba ta zuwa don an ce ta zo.

A nan wayar hannu ta yi mana rana. Wanda ke kusa ya ɗauki bidiyon tashin, ya ja baya yadda jiki duka zai fito, daga fuska har ƙafa, ya kira sunan yaron a ji ko zai amsa, ya faɗi wata kalma ya tambaye shi ita bayan abin ya wuce. Tun da an san abin da ke tayar da ita, ana iya sa yaron ya zauna na ɗan lokaci a wuri mai taushi, sa'an nan a ce ya miƙe da sauri, waya na kunne. Bidiyo na sakan talatin ya fi wasiƙa mai shafi uku. A ajiye shi a cikin wayar, kada a dogara ga aikawa kaɗai. Mun ga yadda aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a watan Satumba 2021, har da waɗannan uku, aka yi watanni ba a iya aika komai. Kuma bidiyon na likita ne, ba na Facebook ba. Wanda ya watsa shi ya ƙara wa yaron ciwon da ya fi murɗewar.

A asibiti za a gwada sukari da kalsiyam, wataƙila a auna wutar ƙwaƙwalwa da na'ura, a ɗauki hotonta. A murɗewar zabura ta gado duk waɗannan lafiya lau suke fitowa, amfaninsu shi ne kore sauran cututtuka. Gwajin ƙwayar gado yana da tsada, kuma ba sharaɗi ba ne kafin a fara magani.

MAGANI

Ga daɗin labarin. Kabamazafin, wanda aka fi sani a kantuna da sunan Tegretol, tsohon magani ne tun na shekarun 1960, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba shi da tsada. Ɗan kaɗan ake bukata, sau da yawa miligiram 100 zuwa 200 a yini ga babba, ƙasa da abin da ake ba mai farfaɗiya nesa ba kusa ba, na yaro kuwa bisa nauyinsa. Mafi yawan masu cutar, cikin 'yan kwanaki tashin yakan tsaya cak ko ya ragu ƙwarai. Cututtukan jijiya kaɗan ne ake samun irin wannan nasara a kansu. Inda kabamazafin bai karɓi mutum ba, akwai fenitoyin da wasu. Wanda nasa bai dame shi ba yana iya zama ba magani, ya koyi miƙewa a hankali, ya ɗan motsa ƙafafu kafin ya tashi, in ya ji kiyashin nan ya tsaya cak har ya wuce.

Amma kada wani ya fita daga ɗakin nan ya zarce kemis. Maganin yana da sharri, kuma uku daga cikin sharrinsa sun shafe mu kai tsaye. Na farko ƙuraje: a makonnin farko, in fata ta feso, ko baki da idanu suka yi gyambo tare da zazzaɓi, a tsai da shi nan take a tafi asibiti, domin akwai irin da ke saluɓe fata har ya kashe. Na biyu, yana sa hanta ta yi saurin ƙone wasu magunguna. Yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a dantse, da wasu magungunan ƙanjamau, da kuma Coartem, wanda shi ne abin da aka fi ba mai zazzaɓin cizon sauro a nan. Kamfanin da ke yin Coartem da kansa ya hana a haɗa su. Saboda haka mai shan kabamazafin, duk sa'ad da zazzaɓi ya kama shi, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da yake sha kafin a rubuta masa komai. Na uku juna biyu: yana ɗan ƙara haɗarin a haifi jariri da tsagar ƙashin baya, don haka mace ta shawarci likita tun kafin ciki ya shiga, a ba ta folik asid, a duba ko za ta iya hutawa da maganin. Wani ƙaramin abu kuma, ƙwayar ba ta son laima. An tarar tana iya rasa sulusin ƙarfinta in ta sha danshi, saboda haka wadda aka ƙulle a takarda aka tura ƙarƙashin katifa da damina, kada a yi mamaki in ta daina aiki. Ba a kuma yanke maganin rana ɗaya. Bayan 'yan shekaru likita yakan rage shi sannu sannu, a ga ko cutar ta lafa da kanta.

Addu'a ba ta hana shan magani, magani kuma bai hana addu'a ba, ban kuwa ga dalilin da zai sa ma'aikacin lafiya ya yi faɗa da iyaye a kan wannan ba. Abin da za a hana shi ne duka, da ɗauri, da turara hayaƙi a ɗaki rufe, da cire yaro daga makaranta.

Ma'aikatan gwamnati, rabonku a nan ba na kuɗi mai yawa ba ne. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane farfaɗiya da yi mata magani ba sai ƙwararre ya zo ba, a 2022 kuma ƙasashe suka amince da shirin shekara goma a kan farfaɗiya da sauran cututtukan jijiya. Tambayoyin nan huɗu za su shiga rabin shafi a cikin kowane horo da ƙaramar hukuma ke shiryawa. Mai kula da ɗakin ajiyar magani ya tabbata kabamazafin ba ya yankewa a babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, don kada wanda aka gano cutarsa a Shika ya riƙa komawa Shika saboda ƙwaya kaɗai. Jami'in ilmi ya gaya wa malamai cewa irin wannan yaro ba a kiransa da tsawa. A ambaci sunansa, a ba shi sakan biyar ya shirya.

Wani zai ce, tun da ba ta kisa kuma tana wucewa da kanta, me zai hana a ƙyale yaro ya girma ya rabu da ita? A wata ƙasa wannan shawara tana da hujja. A nan sai a dubi inda yaron yake zaune. Yana jan ruwa a bakin rijiya, yana hawa mangwaro, yana tuƙa babur tun bai kai ba, yarinya tana miƙewa daga gaban murhu da tukunya a hannu. Kuma a garuruwan da aka sha jin harbi da tsakar dare, inda tsira take ga wanda ya zabura ya ruga, wannan yaro zaburar ce ke murɗe masa ƙafa, sakan ashirin, a bakin ƙofa. Shi ya sa in aka kawo mini irinsa daga Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, ko da tashinsa bai wuce biyu a wata ba, nakan ba iyayensa shawara a fara maganin.